Kwamfutar da ta maƙale a 2012

Oga ne ya ce ya gaji da jin "faifai ya mutu, aiki ya tafi", in haɗa masa tsofaffin kwamfutoci uku na sito su zama rumbu guda. Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin Ceph ne, kafin la'asar an gama." Bakina ya ja mini.

Ita Ceph, manhajar da ke haɗa faifan kwamfutoci su zama rumbu guda, tana da masu sa ido. Na sa ɗaya a kowace kwamfuta, kuma sai biyu cikin uku sun yarda ake yanke magana, kamar zaman dattawa. Biyu suka gaisa lafiya lau. Ta ukun kuwa, in na aika mata ping, wato saƙon "kina nan?", ta amsa ras, in an ce ta shigo cikin jama'a sai ta yi gum.

Na buɗe ƙofa ta 3300 da ta 6789 a katangar tsaro, wato manhajar da ke tare saƙonni masu shiga da fita, na ƙara da 6800 zuwa 7300. Shiru kake ji. Na sauya waya sau uku, har na kira yaron da ya matse kawunanta na wanke shi tas, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Dare na biyu, ina zaune da ragowar gurasa da ido jajawur, Baba maigadi ya leƙo. "Injiniya, ƙarfe nawa?" Wayata ba caji, sai na tambayi kwamfuta ta uku. Ta ce 1 ga Janairu, 2012.

Na yi salati. Ceph fa ko saɓanin daƙiƙa 0.05 ta gani tsakanin agogon masu sa ido sai ta yi ƙorafi, ba irina ba da ke isa ɗaurin aure bayan an shafa fatiha. Ga takardun shaidarta masu wa'adi ne, ina za a karɓi mai zuwa daga shekarun baya? Ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai riƙe wa kwamfutar agogo in ba wuta, shi ya mutu, duk ɗauke wuta sai ta koma gidan jiya. Chrony, manhajar da ake saita agogo da ita, da zai saita mata lokaci kuma ni da hannuna na toshe masa ƙofa ta 123, wai ina tsaro.

Da safe na sayo batiri wajen mai gyaran agogo a bakin titi. Nan take ukun suka jitu.

Oga ya tambayi abin da ya faru. Na gyara tsayuwa na ce, "Matsala ce mai zurfi, ranka ya daɗe, sai wanda ya karanta."

Baba daga bakin ƙofa ya ce, "Batirin agogo ne, Alhaji."