Sassaucin da Ghana ta yi wa masunta, su ne za su biya kuɗinsa

Tun da ministar harkokin kamun kifi ta Ghana, Emelia Arthur, ta sanar da cewa rufe teku na shekarar 2025, wato hana kamun kifi na ɗan lokaci don kifi ya hayayyafa, ba zai shafi masu kwale-kwale ba, ake ta yaba wa gwamnatin Shugaba John Mahama cewa ta ji kukan talakawa, ta kuma cika alkawarin da jam'iyyarsa ta NDC ta ɗauka lokacin yaƙin neman zaɓe. Alkawari kam an cika. Abin da ya dame ni shi ne yadda masu yabon suke magana kamar hutun wata guda wata mugunta ce da gwamnatin baya ta ƙirƙiro don ta ƙuntata wa masunta, alhali kuwa kifin da ake jayayya a kansa ƙarewa yake yi a gaban idon kowa.

Sardin da danginsa na ƙananan kifaye su ne abincin talakan Ghana, su ne matan Chorkor da Elmina da ke gaɓar teku suke bandawa, a loda a mota zuwa kasuwannin Kumasi da Tamale da unguwannin zango. A shekarar 1996 an kama sardin sama da tan dubu 135, amma zuwa 2016 abin da aka kama bai kai tan dubu 30 ba. A ƙasar da kifi ke samar da kusan kashi 60 cikin ɗari na naman da jama'a ke ci, wannan faɗuwa ta isa ta hana kowane mai mulki barci. Kuma tsakanin watan Yuli da Satumba, lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙarƙashin teku, shi ne lokacin da kifin ke cike da ƙwai. Wanda ya kwashe shi a wannan lokaci daidai yake da manomin da ya dafa irin shukarsa ana gab da damina.

Hujjar da aka fi ji ita ce an gwada rufe tekun, kuma kifi bai dawo ba. Yaushe aka gwada shi yadda ya kamata? A 2018 an sa rana sannan aka janye saboda ƙorafin masunta. A 2019 an rufe wa masu kwale-kwale daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, wato kafin kifin ya shiga ganiyar zuba ƙwai. A 2020, shekarar zaɓe, ba a rufe ba sam. Daga 2021 zuwa 2024 ne kawai aka riƙa rufe wa masu kwale-kwale a watan Yuli, kuma da zarar an buɗe sai wasu su koma wa kamu da fitila da raga mai ƙananan idanu, wasu ma har da nakiya da sinadarai masu guba. Shekara huɗu na hutun wata ɗai-ɗai, ba tare da an hukunta masu karya doka ba, ba za su gyara ɓarnar shekara ashirin ba, kuma duk wanda ya yi amfani da wannan a matsayin dalilin soke hutun ya san ba gaskiya yake faɗi ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, wato manyan jiragen ruwa masu jan taru su ne ɓarayin teku. Haka ne. Binciken ƙungiyar EJF mai rajin kare muhalli ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗannan jirage suna da alaƙa da kamfanonin ƙasar Sin duk da tutar Ghana da suke ɗauke da ita, kuma a shekarar 2017 kaɗai an sauke kimanin tan dubu 100 ta haramtaccen cinikin nan da ake kira saiko, inda jiragen ke daskarar da ƙananan kifaye su sayar wa wasu kwale-kwale a tsakiyar teku. Irin wannan sakaci ne ya sa Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi kan haramtaccen kamun kifi a 2013, ta kuma sake ba ta a 2021. Sabuwar dokar da Mahama ya sa wa hannu a watan Agustan 2025, wadda ta faɗaɗa yankin da aka haramta wa jiragen daga mil 6 zuwa mil 12 daga gaɓa, mataki ne mai kyau idan har za a sa jiragen sintiri su tsare iyakar. Sai dai laifin baƙo ba ya wanke na ɗan gida. Kwale-kwale sama da dubu 12 ne ke farautar wannan kifi ɗaya, kuma su ne suka fi kowa dogara da shi. Ɗora komai a kan 'yan Sin yana da daɗin faɗi a taron siyasa, domin ba su da ƙuri'a a yankunan masunta irin su Jamestown ko Axim.

Masu cewa masunci ba zai iya zaman wata guda babu kuɗin cefane ba sun faɗi gaskiya, amma maganin wannan shi ne a biya shi, kuma kuɗin yana nan. Shekara da shekaru gwamnati tana zuba tallafi a man firimiks da injinan kwale-kwale ke sha, man da ake yawan karkatarwa a sayar a bayan fage, wanda kuma ko ya isa hannun masu shi, ƙara yawan masu bin kifin da ya rage kawai yake yi. A yanki wani kaso na wannan tallafi a tura shi kai tsaye ta wayar salula ga masuntan da aka yi wa rajista da matan da ke banda, a watan da aka rufe teku, maimakon buhun shinkafa da man girki da aka saba rabawa a gaban 'yan jarida. Sannan a maido da hutun ga kowa, babba da ƙarami, a sa shi a watan da masana suka ce kifin na zuba ƙwai, ko da ya faɗo a shekarar zaɓe.