Wai kociyoyin yara na Zariya, me rafali ya tsare muku ne?

Wallahi abin nan ya ishe ni, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Duk mai zuwa kallon ƙwallon yara a garin nan, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, Samaru har cikin birni, ya san maganar da nake. Wasan yara ne fa 'yan ƙasa da shekara 13 ko 15, wasunsu ma ba but a ƙafarsu, amma da rafali ya busa usur na farko sai koci ya fara, rafali kai makaho ne, rafali nawa aka ba ka, rafali za ka ga abin da zai same ka in an tashi, haka zai yi ta yi har hutun rabin lokaci, a dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Babba da gemunsa, wani ma malamin makaranta ne, yana ɗura wa ɗan mutane ashar a gaban yaran da iyayensu suka damƙa masa amana.

Abin da ya fi ƙona min rai, rabin ihun nan a kan jahilci ake yinsa. Kwanaki na kai ɗan yayana wasa a wani filin firamare, aka yi jifa daga gefe, ƙwallo ta tsallake 'yan baya ta faɗa gaban ɗan gaba, ya saka ta a raga. Kocin waɗanda aka ci ya yi tsalle ya faɗo tsakiyar fili, ya cire hula ya buga da ƙasa yana satar gida ne satar gida ne, har da yi wa rafali daƙuwa da hannu biyu. Malam, babu satar gida a jifa! Babu a bugun kwana, babu a bugun gola, wannan yana cikin doka ta 11 ɓaro-ɓaro. Rafalin saurayi ne da bai wuce sa'ar ƙaninsa ba, ya ce masa cikin ladabi, yallaɓai koci don Allah ka koma waje, daga jifa ne. Sai cewa ya yi kai yaro tun ba a haife ka ba nake buga ƙwallo. To sai me? Shekarun da ka yi kana bugawa sun karanta maka dokar ne?

Dokokin nan 17 ne kacal, hukumar IFAB ce take rubuta su, kyauta suke a intanet, har manhaja akwai ta waya. Datar da kake ƙonawa a kan gardamar Madrid da Barca ta isa ka sauke su. Tun shekarar 2019 aka ba alƙalin wasa ikon ɗaga wa koci katin gargaɗi ko jan kati kamar yadda yake ɗaga wa ɗan wasa. Ka shiga fili don ka tunkari rafali, ko da a hutun rabin lokaci ne ko bayan an tashi, jan kati ne. Ka zage shi, jan kati. Ka yi jifa da robar ruwa cikin fili da gangan, jan kati. Kai ko wani ne a bencinka ya yi laifin aka kasa gane ko waye, babban koci ne zai sha katin. Kuma mutum ɗaya ne aka yarda ya tsaya yana ba yara umarni a lokaci guda, amma mu nan sai ka ga koci da mataimakinsa da mai riƙe jesi da wani abokinsa ɗan acaɓa duk sun jeru a bakin layi kowa da nasa ihun.

To a ce rafali ya yi ta maza ya zaro jan katin. Nan ne ainihin takaicin yake farawa. Filayenmu ba katanga ba waya, layin ma da toka ko farar ƙasa aka zana shi, 'yan kallo a kan layin suke tsaye. An kori koci, ina zai je? Sai ya ja baya taku uku ya shige cikin 'yan kallo ya ci gaba da zagin, har ya fi na da, tunda yanzu ba sauran katin da zai ji tsoro. Wani kuma ya ce wallahi ba inda za shi, a tsaya cirko-cirko minti goma sha ana Alhaji ka sa baki, Baba ka ba shi haƙuri, rana tana faɗuwa magariba tana matsowa. Mafi muni shi ne wanda zai daka wa yaransa tsawa, ku fito mu tafi, ba za mu buga ba. Yaran da suka haɗa kuɗin mota da kyar, wasu tun daga Wusasa ko Palladan, suna hawaye suna bin bayansa, wasan da suka yi sati suna mafarki ya tashi a banza saboda girman kan mutum ɗaya.

Su kuma masu shirya gasar, ku ma ba zan ƙyale ku ba. Maimakon ku tsaya bayan alƙalin da kuka ɗauko, sai ku ja shi gefe kuna raɗa masa, ka yi haƙuri ka janye katin, ka san mutumin nan ɗan unguwa ne, shi ya kawo mana ƙwallaye, kar a ɓata taro. Wasa na gaba sai ga shi zaune a benci yana washe baki kamar ba a yi komai ba. Kowane koci a wurin ya gani, ya kuma ɗauki darasi cewa jan katin Zariya takarda ce kawai.

Su Turawan da kuke kwaikwayo, ku kwaikwayi hukuncin mana. Mourinho, kocin Roma a lokacin, da duk kofunansa, da ya tare rafali Anthony Taylor a wajen ajiye motoci yana zaginsa bayan Sevilla ta doke Roma a wasan ƙarshe na gasar Europa a Budapest a 2023, wasa huɗu hukumar ƙwallon Turai UEFA ta dakatar da shi. Kuma ku duba abin da ya biyo baya, washegari magoya baya suka yi wa Taylor da iyalinsa ca a filin jirgi. Haka abin yake tafiya ko'ina, koci ne yake kunna wutar, 'yan kallo su hura. A nan ma da koci ya ce an sayi rafali, matasan unguwa sun samu lasisi kenan, sai ka ga an fara tsintar duwatsu, a ƙarshe a goya rafali a mashin a gudu da shi ta bayan ajujuwa.

Eh na sani, rafali yana kuskure, wani ma ba shi da horon kirki, wani kuma son kai ne da shi ƙarara. Amma ku dube shi da kyau, shi kaɗai ne a fili, ba masu tuta na gaske sai yara biyu da aka ba tsumma su riƙe, ƙura ta turnuƙe, abin da za a ba shi bai wuce kuɗin mota da ruwan leda ba. A Firimiya da kyamarori da VAR, wato masu duba bidiyo su taimaka wa rafali, ma ana kuskure balle shi. In kana da ƙorafi ai akwai kwamiti, ka rubuta bayan wasa. Samari da yawa da suka fara busa usur da sha'awa sun ajiye saboda ba wanda zai yarda a zagi uwarsa duk Asabar, sannan mu dawo muna kukan wai ba a ɗauki alƙalin Najeriya ko ɗaya ba a gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa. Daga ina za su fito in ba daga irin filayen nan ba?

Yaran kuma suna kwashe komai. Yanzu ɗan shekara 12 ne za a busa masa laifi ya ware hannu ya matso har hancin rafali yana me na yi me na yi, irin tsayuwar kocinsa sak, har da tsakin.

Ni dai abin da nake nema a wajen masu shirya kofin unguwa bai da yawa. Ranar da za a raba jadawali a rubuta a takarda kowane koci ya sa hannu, wanda aka ba jan kati ya bar harabar filin gaba ɗaya kafin a ci gaba, mataimakinsa ya riƙe yaran, kuma ba zai zauna benci a wasa na gaba ba. Wanda ya janye yaransa a ba abokan karawarsa wasan, wanda ya ɗaga hannu a kan rafali a cire shi daga gasar, shi ɗin, ba yaran ba. Kuma kuɗin rajistar da kuke karɓa ku cire wani abu a ciki ku ɗauko 'yan sintiri ko da biyu ne su tsaya a bakin layi.