Wanda ya canza bireka shi ya jawo gobarar

Tun daren da gobarar nan ta tashi a gidan hayar 'yan uwanmu da ke bayan Shara Mansur a Makka nake bin abin da ake rubutawa, kuma zancen da ya fi yawa shi ne ƙaddara ce, a yi haƙuri. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, na kuma gode wa Allah da ba a rasa rai ba, amma ba zan yi shiru a lulluɓe sakaci da sunan ƙaddara ba. Duk wanda ya leƙa akwatin wutar gidan ya ga abin da aka yi. Bireka, wato makunnin da ke katse wuta da kansa idan ta yi yawa, mai amfiya 20 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ne) yana yawan katse wuta, sai aka kirawo mai gyara ya cire shi ya sa mai amfiya 40, aka bar siririyar wayar nan yadda take a cikin bango. Wanda ya ba da wannan shawara da wanda ya biya kuɗin aikin, su suka jawo gobarar.

Na daɗe ina aikin injiniyan lantarki a Makka da Jidda, kuma babu maganar da na maimaita wa mutanenmu kamar wannan: aikin bireka shi ne ya kare wayar da ke bayansa. Idan ya katse wuta, yana gaya maka ne cewa kayan da ka ɗora wa wayar sun fi ƙarfinta. Wayar jan ƙarfe mai kaurin sukwaya milimita 2.5 abin da take ɗauka lafiya a cikin bango bai wuce amfiya 20 da 'yan kai ba, shi ma a lissafin zafi na digiri 30. A zafin Makka, inda bututun waya a saman bene yake kai digiri 50 da rani, sai an rage kusan kashi 30 cikin ɗari na wannan ƙarfin, domin robar da ta lulluɓe wayar iyakar juriyarta digiri 70 ne. Kuma zafin da waya take yi ba ya tafiya daidai da wutar da ke bi ta cikinta. Idan ka ninka wutar sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. To, a kan wannan waya guda aka jera mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) uku da firij da tukunyar dafa ruwa, sannan aka cire abu ɗaya tak da yake hana ta narkewa. Kamar mutum ne ya kori maigadinsa don yana tashinsa daga barci duk lokacin da ɓarawo ya taɓa ƙofa.

An ce mini ai mai gyaran ya shekara yana yi wa unguwar aiki ba a taɓa samun matsala ba. Wannan ba hujja ba ce. Robar waya a hankali take bushewa tana tsagewa, rani bayan rani, har ranar da za ta kama. An kuma ce injiniya tsada gare shi. Sai a lissafa kuɗin jawo sabuwar waya ta musamman ga kowane mukayyif, a ajiye shi kusa da fasfo da iƙama da kayan ɗakin mata da suka ƙone a daren nan, a gaya mini wanne ya fi tsada. Wasu sun ce mai gidan ne ba ya yarda a taɓa bango. Idan haka ne, a rage kayan da ake kunnawa lokaci guda, ko a nemi wani gidan, amma kada a taɓa girman bireka.

Na san da yawa daga masu wannan gyara 'yan uwanmu ne masu neman halal, wasunsu kuma hannunsu ya fi nawa iya ɗaurin waya. Ba na raina sana'arsu. Abin da nake ƙi shi ne mai gyara ya yanke hukuncin da lissafi ne kawai yake yanke shi. A ƙasar nan ba a sabunta wa injiniya baƙo iƙamarsa sai yana da rajista da Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya, ana tantance takardunsa, kuma duk zanen da ya sa wa hannu za a auna shi da dokar gini ta ƙasa, sashen lantarki mai lamba 401. Idan abu ya lalace, sunansa ake nema. Wannan nauyin ne yake sa ni in ce wa Alhaji a'a, ko da ya girme ni, ko da zai ji haushi ya ce yaron nan boko ya yi masa yawa. A wurin aiki idan na ce waya ta yi ƙanƙanta ana tsayar da aiki a canza ta, amma a unguwa, cikin mutanena, sai a saurare ni a yi godiya, da na juya baya a kirawo wanda zai ce ba komai. Wannan ne yake yi mini ciwo fiye da gajiyar aikin kansa.

Tunda ana maganar, masu tura kaya gida su ma su kula. Wutar Saudiyya tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan kuwa sau 50, don haka firij ko mukayyif da aka ƙera don nan kaɗai, idan ya isa Kano injinsa zai riƙa tafiya a hankali yana ɗaukar zafi har ya ƙone da wuri. Ga shi kuma tun da aka yanke shawarar komawa wuta mai ƙarfin volt 230 a Saudiyya a shekarar 2010, har yanzu akwai tsofaffin gidaje masu soket na 127. Kafin ku biya kuɗin kago, ku duba farantin da ke bayan na'urar ku tabbatar an rubuta 50 da 60 duka, da kuma ƙarfin wutar da take ɗauka.