Mabiya cocin Afostolik a Zimbabuwe ba duka ke ƙin rigakafi ba

Da ƙyanda ta ɓarke a gundumar Mutasa ta lardin Manikaland a Afrilun 2022, ta kashe yara sama da 700 a faɗin Zimbabuwe, sai aka yi ta cewa masu fararen riguna na cocin Afostolik sun ƙi allurar rigakafi. Wannan magana ta yi kuɗin goro.

Afostolik ba coci ɗaya ba ce, ɗarikoki ne masu yawa, kowace da shugabanta. Wasu suna kai 'ya'yansu asibiti kamar kowa. Masu tsauri, irin mabiya Johane Marange da ya kafa cocinsa a 1932, su ne ke koyar da cewa waraka tana cikin addu'a da ruwan da aka tsarkake, zuwa asibiti kuwa raunin imani ne.

Ko a cikinsu ma, akwai uwayen da ke kai jarirai allura a ɓoye, domin sau da yawa maigida ko shugaban coci ke yanke hukunci. Zargin waɗannan uwaye da rashin tausayi zalunci ne. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke fara zama da shugabannin, kamar yadda aka nemi sarakuna da malamai a Kano bayan ƙauracewa allurar shan inna ta 2003.