Tsingaro da takardarsa

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Ashe kwalekwale ne. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, awo kuma ya nuna ya kai shekara 8,000. Da yake masana ne suka yi aikin, an rubuta zurfin ramin da irin ƙasar da ta rufe shi. Wannan bayani ne ya sa yau ake iya karantar da ɗalibi wani abu game da mutanen da suka sassaƙa shi.

Kwatanta da mutum-mutumin Nok, tsofaffin siffofin yumɓu da suka samo suna daga ƙauyen Nok a kudancin jihar Kaduna. Tun bayan da Bernard Fagg, masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, ya gane darajarsu a 1943, masu haƙar ɓoye sun kwashe da yawa zuwa kasuwannin Turai. Kan mutum-mutumin da aka ciro da dare, ko ya dawo gida, ba wanda zai faɗa maka a wane kufai yake, ko me ke kwance kusa da shi. Ya zama kurma.

Shi ya sa nake ganin babban aikin sashen nazarin kayan tarihi a jami'a yana cikin ɗakin ajiya. Na taɓa shiga irin wannan ɗaki a wata jami'a. Na tarar da kwalaye cike da tsingaro da kashin maƙera, gara ta cinye takardun da ke jikinsu. Wahalar malamai da ɗalibai ta rani guda a daji ta tafi a banza, abin ya tsaya mini a rai.

Ana cewa a kulle kayan don kada yara su fasa. Tsoron yana da hujja. Amma ɗalibin da bai taɓa juya tsingaro a hannunsa ya ga zanen bakin tukunya ba, da me zai gane kufai in ya taka shi a tsohon garin Turunku ko gindin dutsen Kufena a Zariya?

Jami'o'inmu su ɗauki mai kula da ɗakin ajiya na dindindin. Kowane ɗalibi, kafin ya kammala, a ba shi kwali guda ya wanke, ya sa lamba, ya ɗauki hoto, ya shigar a kwamfuta. A kuma rubuta bayanin da Hausa, domin mutanen ƙauyen da aka tono kayan a gonakinsu su karanta.