Matasan Ikkilisiya, Ina Kuɗin Mutane?

Ranar Lahadin nan, ana tashi daga sujada, na ga abin da ya ɓata mini rai. Wani tela, dattijo Musulmi mai shago a bakin layinmu, ya zo ƙofar majami'a yana jiran ɗaya daga cikin mawaƙanmu. Tun Kirsimeti ya ɗinka masa anko, har yau ko kwabo bai gani ba. Yaron da ya gama ɗaga hannu yana hawaye wurin yabo, yana hango telan sai ya manna waya a kunne, ya zagaya ta bayan gidan fasto ya sulale. Dattijon bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe haka ake koya muku a ciki?" Ni da bashin ba nawa ba, kamar in nutse a ƙasa.

Ƙannena, ba cin bashin nake zargi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mun san yadda garin yake. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ƙin biya, da rainin hankalin da ke biye da shi. Ka karɓi taliya da mai a shagon wata gwauruwa, kullum "Mama, sai wata ya ƙare." Ka sa mai POS ya tura maka kuɗi ka ce yanzu za ka dawo, daga nan ka canza hanya. Ki kwashi adashe tun zagayen farko, da aka zo zubi ki ce ba ki da lafiya, ga hotonki a Facebook da sabon leshi. Mafi muni, in mai kuɗi ya matsa, sai a juya masa Littafi: "Haba ɗan'uwa, ina ƙauna? Ina gafara?" Gafara mai haƙƙi ne ke yin ta, ba wanda ya ci ba ne zai yanka wa kansa.

Ku buɗe Zabura 37:21. Wanda ya ci bashi bai biya ba, mugu aka kira shi, ba a sakaya ba. A 2 Sarakuna 4, da man wata gwauruwa ya cika tuluna, annabi Elisha ce mata ya yi ta sayar ta biya bashinta tukuna, sannan ita da 'ya'yanta su ci saura. Zakka mai karɓar haraji kuma, ranar da Yesu ya shiga gidansa, bai tsaya ga kuka ba, ya ce duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. Ku kuwa ninki ɗaya ma ya gagara. Amma kuɗin caca ta waya ba ya gagara. Wannan ma wata cuta ce, ana wa'azi kai na duƙe ana duba sakamakon ƙwallo.

Alkawari kaya ne. In babu, je ka da ƙafarka ka ce babu, ka rage ko kaɗan. Ɓuya ce ke kashe shaida, don maƙwabcinka bai san abin da ke cikin littafin Romawa ba, halinka yake karantawa.

Kakanninmu da suka koyi baƙi da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ba su da jita, ba su da lasifika. Amma iyayenmu sun ba mu labari, a kasuwa ana ba ɗan mishan kaya ba a rubuta ba. Kafin baftisma dattawa sai sun bincika zamanka da mutanen unguwa. Wanda ya danne haƙƙin wani a sa shi horo, ya koma bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji sai ya gyara. Yau dattijo ya yi maka magana, mako mai zuwa ka koma wata ikkilisiya, can ma a miƙa maka makirufo.