Wai shi ma an yi masa sata

Yanzu kuma mutumin da ya ɗauki hoton maras lafiya a asibiti a ɓoye, shi ne ke kukan an sace masa hoto. Ikon Allah!

Ka shiga ɗakin marasa lafiya a wani asibiti a nan Jos, ga takarda manne a ƙofa cewa ba a ɗaukar hoto, nas ma ta faɗa maka da baki. Ka ɓoye waya a hannun riga, ka ɗauki dattijuwa kwance ana ƙara mata ruwa, ɗankwalinta ya zame. Ka rangaɗa sunanka a jikin hoton ɓaro-ɓaro, ka saka a Facebook. Da wasu shafuka suka kwashe suka goge sunan, sai ga ka kana zancen haƙƙin mallaka. Malam, sata a gidan ɓarawo ai rance ce.

Masu kare shi sun dame ni, wai doka tana bayansa. Na ji. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta bai wa wanda ya ɗauki hoto kariya har shekara 50. To sai me? Ta hana a kwafi aikinka ne, ba ta ba ka izinin kutsawa inda aka hana ba. Ku ƙarasa karatun mana: sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin mutum, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. An ce kada ka ɗauka, ka ɗauka. Maganar ke nan.

Wasu kuma wai tona halin da asibitin ke ciki ya yi. Da haka ne, da gadaje da rufi ya ɗauka. Fuskar baiwar Allah me ta yi masa? Kuma in jarumta ce, me ya hana shi gwada ta a ƙofar barikin Rukuba? Hanin soja ake tsoro, na nas kuwa an raina.

Wallahi abin ya taɓa ni. Matar nan tana da 'ya'ya da jikoki, a waya za su ci karo da ita a wannan hali. Kai ma da ka tura gaba kana rubuta “Allah ya ba ta lafiya”, da hannunka a ciki. An hana ɗauka, an ɗauka, ka taya yaɗawa.

Af, shugaban zauren WhatsApp na unguwarmu, ka ja kunnen masu turo mana hotunan hatsarin mota tun kafin mutum ya karya kumallo. In ba haka ba zan fice, sai ku nemi wani ya riƙe muku lissafin kuɗin gyaran taransfoma.